Saikoloji na karanta, ga aikin M&E ga mastas a fannin yara, wanne zan kama?

Ummi_Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo.

Ni haifaffiyar Agege ce, iyayena mutanen Katsina ne amma ni banda biki da gaisuwar rasuwa ban taɓa zaman arewa ba sai da bautar ƙasa ta kai ni. Saikoloji na karanta, wato ilimin halayyar ɗan Adam, yau wata shida kenan da gama bautar ƙasar ina zaune a gida. Tun kafin in shiga jami'a aiki da yara ne a raina, kuma dalilin ƙanina ne. Yaron nan sai da ya kai shekara biyar bai haɗa kalma biyu ba, baya son hayaniya, in aka taɓa masa murafen kwalbar da yake jerawa a tsakar gida sai ya yi ta buga kai da bango. Ba irin rubutun da bai sha ba, an yi ruƙiyya an yi hayaƙi, har wajen wani mai magani aka kai shi can hanyar Sango, sai da wata maƙwabciyarmu Bayarabiya ta ja Mama gefe ta ce ku kai yaron nan asibiti. Nan aka ce galahanga ce. Toh ni ba sunan lalurar ne ya tsaya min a rai ba, yadda Mama ta zauna gaban ma'aikaciyar ne, bata jin Turanci, Yarabancinta kuma na cefane ne, ni ina 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare ni ce tafinta, ana tambayarta maganar goyon ciki da naƙuda ta bakina. Wlh har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni, ita kam rabin tambayoyin "lafiya lau" kawai ta ce in faɗa musu.

Yanzu ga inda nake. Wata ƙungiya mai ofis a Ikeja ta kira ni intabiyu na ci, amma aikin ba na ganin yara bane, mataimakiyar jami'in M&E ce, wato masu bibiya da auna shiri. Suna da shirin horar da malaman firamare su riƙa gane yaran da ke cikin damuwa, ni kuma aikina tattara bayanai da shigar da su kwamfuta da taya rubuta rahoto. Kwantiragin shekara ɗaya. A ɗaya gefen kuma inaso in koma in yi mastas in zama mai duba yara sosai, wani kawuna ya ce zai taya da kuɗin makaranta.

Baba dama tun farko "karatun mahaukata" yake ce wa saikoloji, yanzu cewa yake in kama aikin kawai tunda albashi ne, in kuma ba haka ba ga masu zuwa gaisuwa nan sun yi yawa, kun dai gane.

Tambayata, shi M&E ɗin nan har yanzu saikoloji ne ko na bar hanya kenan? In na shiga zan iya dawowa? Sannan a nan Legas ina ne ma masu wannan fannin na yara suke aiki, don ni ban taɓa ganin Bahaushiya ko ɗaya a ciki ba.

Dan_Mile12:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata a wannan marrar aka baki aiki mai albashi kike tambaya? Kin san nawa kwandon tumatir yau? Ki kama, mastas ba guduwa zai yi ba. Mu da muka yi digiri muke sauke albasa ai bamu mutu ba.

Anti_Hajjo:

Ummi sannu, ga Bahaushiya ɗaya kin gani yau, duk da ba a fuska ba. Shekarata goma sha ɗaya ina wannan aikin, a wani asibitin gwamnati nake a nan Legas, kuma yawancin waɗanda nake gani yara ne da 'yan ƙasa da shekara 18.

Bari in fara da abin da Babanki ya kamata ya sani, don nima nawa haka ya yi ta faɗa. Likitan ƙwaƙwalwa daban, mu daban. Shi likitanci ya karanta sannan ya ƙware, shi ke rubuta magani. Mu bama rubuta magani, namu gwaji ne da zama da magana: ki auna fahimtar yaro, ki gano me yasa ɗan aji huɗu har yanzu baya iya karatu, shin daƙiƙanci ne kamar yadda ake zaginsa ko haruffa ne ke rikice masa ko ma kunne ne baya ji sosai, ki zauna da uwa ki koya mata yadda za ta yi da mai fitsarin kwance ba tare da an ɗaura masa kwaɗo a ƙugu an yi masa waƙa a unguwa ba. Yaran da nake gani a sati, wanda ya yi kama da abin da mutane ke kira hauka bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Sauran masu farfaɗiya ne da ta taɓa musu karatu, masu ƙiriniyar da ta wuce misali, masu galahanga irin ƙaninki, 'yan matan da aka ci zarafinsu suka daina magana, samarin da suka fara shaye-shaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin matasa 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya cikin bakwai na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma rabin irin waɗannan lalurori kafin shekara 14 suke farawa. Kinga kenan wanda kike gani yana tsince-tsince a ƙarƙashin gadar Oshodi, da yawansu akwai lokacin da suna yara a gaban iyayensu abin ya soma aka ce iskanci ne ko aljanu.

Maganar inda ake aiki. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda yaran Legas ke tsokanar juna da shi, tun 1907 yake, kuma yana da cibiyar yara da matasa ta daban a Oshodi. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke nan Idi-Araba cikin 'yan uwanmu da na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja duk suna da sashen ƙwaƙwalwa. Cikin harabar LASUTH ɗin ne ma cibiyar Mirabel take, wadda aka buɗe a 2013 don waɗanda aka yi wa fyaɗe, kuma yara suna da yawa a masu zuwa. Sai makarantun kuɗi na Lekki da Ikoyi da cibiyoyin masu buƙata ta musamman, can kam akwai kuɗi amma 'ya'yan masu hali kaɗai zaki gani. In kuma arewa kike tunani nan gaba, akwai na tarayya a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri.

Amma gaskiya ɗaya ce, da digirin farko kaɗai ba wanda zai baki yaro ki zauna da shi a matsayin ƙwararriya, kuma bai ma kamata a baki ba. Sai kin yi mastas a saikolojin asibiti, kin yi horon aiki a ƙarƙashin wani babba yana duba abin da kike yi. Shi ne ake rubutawa a tallan aikin asibitocin gwamnati. Sannan akwai cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa a Jami'ar Ibadan, wadda Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafawa da tallafin gidauniyar MacArthur, suna mastas ɗin da ya shafi yara zalla, suna ɗaukar likitoci da nas-nas da irinmu da ma'aikatan walwala, har daga wasu ƙasashen Afirka ake zuwa. Ibadan kuwa ga jirgin ƙasa nan, a Agege ma akwai tasha.

Yanzu abin da ya sa na tsaya rubuta duk wannan, labarin Mamanki ne. Har gobe haka ake yi. In Bahaushiya ta zo da yaro kuma bana nan, mai gadi ake kira ko wani mai sayar da ruwa a bakin ƙofa ya yi tafinta. Ki duba fa, mace za ta faɗa wa baƙon namiji cewa 'yarta mai shekara tara wani a gidan haya ya taɓa ta? Ba za ta faɗa ba, cewa za ta yi yarinyar bata cin abinci. Akwai kuma abubuwan da ko an fassara daidai ba za a gane ba. An taɓa turo min wani yaro an rubuta a katinsa cewa baya haɗa ido da mutane, ana zargin galahanga. Na zauna da shi a tabarma muka yi hira kusan awa guda, yaro lafiyarsa ƙalau, tarbiyya ce kawai, a gidansu in ka kalli babba cikin ido mari zaka sha. Matsalarsa daban ce, babansa ɗan acaba ne aka ƙwace masa babur lokacin da aka hana acaba a 2022, gida ya rikice, aka cire shi daga makarantar da ya saba. Haka in yaron ɗan fari ne, uwar ko sunansa ba za ta kama ba balle ta zauna tana zayyana miki halinsa, sai ki nemi kaka ko ƙanwar uwa. Wannan ba a koyar da shi a aji.

Don haka ni in za a bi son raina, mastas zaki tafi gobe. Muna da ƙarancin da ba a magana. Amma ba zan ɓoye miki ba, aikin gwamnati baya samuwa da wuri, ni sai da na yi shekara biyu ina aikin sa kai da koyarwa a wata makaranta kafin a ɗauke ni, kuma aiki ne mai cin rai, akwai ranar da zaki dawo gida a danfo kina hawaye mutane su ɗauka rasuwa aka yi miki.

Baban_Khalifa:

Anti Hajjo Allah ya saka da alheri, amma ki bani dama in kare sana'ata don naga ana neman a mayar da mu 'yan cike fom, hhh.

Malama Ummi nima saikoloji na karanta, a Jos, kuma shekara tara kenan ina M&E, huɗu a Maiduguri sauran a nan. Amsar tambayarki ta farko: ya danganta da wane irin M&E. Akwai na ƙirga kai, akwai na aunawa. Na ƙirga kai shi ne a ce mun horar da malamai 120, mun raba littafi 500, ga hotuna ga takardar sa hannu, a tura wa masu ba da tallafi kowa ya yi barci. Wannan ko saikoloji baki karanta ba zaki iya. Na aunawa kuwa tambayarsa ɗaya ce mai ɗaci: yaran nan sun samu sauƙi ko basu samu ba, in kuma sun samu, mu ne sanadi ko dama can za su samu? Wannan tambayar duk abin da kika koya a darasin ƙididdiga da hanyoyin bincike, wanda nasan kun tsana a aji biyu, shi ne makaminta.

Bari in baki labarin da malaminmu ya bamu wanda ya sa na shiga wannan layin. A Amurka, jihar Masacusets, daga 1939 aka yi wani shiri na hana yara maza lalacewa, ana ce masa binciken Cambridge-Somerville. Aka jera yara bibbiyu masu kama da juna a hali da gida, aka jefa kwabo, ɗaya ya shiga shiri ɗaya a bar shi. Waɗanda suka shiga aka haɗa su da masu ba da shawara suna ziyartarsu a gida, ana taya su karatu, ana kai su asibiti, ana tura wasu sansanin hutu, kusan shekara biyar ana yi. Duk wanda ya gani zai ce aikin lada. Bayan kusan shekara 30 wata mai bincike Joan McCord ta bi sawun mutum sama da 500 daga cikinsu, ta fitar da sakamako a 1978. Da yawa daga waɗanda aka taimaka sun ce shirin ya amfane su, suna yabon masu ba su shawara. Amma da aka duba takardun kotu da na asibiti, su ne suka fi maimaita laifi, suka fi shaye-shayen giya, suka fi mutuwa da wuri, a kan 'yan uwansu da ba a yi wa komai ba. Ɗaya daga bayanan da aka kawo shi ne tara yara masu matsala wuri guda a sansani ya sa suna koya wa juna. Da ba a ajiye wancan rukunin na kwatance ba, da har yau ana cewa shiri ya yi nasara, don kowa ya ce ya ji daɗi.

Ni kaina na ga ƙaramin irinsa. Wata ƙungiya da na yi wa aiki, ba zan kama suna ba, muka yi zaman rukuni da yara 60 na tsawon wata uku. Mun auna su a farko mun auna a ƙarshe, maki ya sauka sosai, oga har ya fara rubuta labarin nasara. Sai na ce a bari in duba yaran da ke jerin jira waɗanda bamu kai kansu ba tukuna, da yake suma an auna su a farko. Wlh suma sun sauka, kusan daidai da namu. Dalili kuwa mai sauƙi ne, yaushe ake kawo yaro? Ranar da abin ya kai maƙura. Yaron da aka auna a mafi munin satinsa, in kin dawo bayan wata uku ko ruwan sanyi kika bashi zaki ga ya ɗan sauko. Oga bai ji daɗina ba, sati biyu baya amsa gaisuwata da kyau, a ƙarshe dai aka rubuta rabin gaskiya. Wannan shi ne ɓangaren aikin da ba a faɗa miki a intabiyu: mai biyanki albashi shi ne wanda kike auna aikinsa.

Sai maganar ma'auni, inda Hausarki za ta yi tsada. Akwai takardar tambayoyi da ake yawan amfani da ita ga yara, SDQ, tambaya 25 ce, wani likitan ƙwaƙwalwar yara ɗan Ingila Robert Goodman ya fitar da ita a 1997, iyaye na cikewa malamai na cikewa, yaro in ya kai shekara 11 shima yana cike nasa. Tana da kyau, amma ki ba masu tattara bayanai biyar takardar Turanci ki ce kowa ya fassara da baki a gaban uwa, kin samu ma'auni biyar kenan ba ɗaya ba. Mu kalmar "damuwa" kaɗai ta ɗauke tunani da baƙin ciki da fargaba da rashin kuɗin haya. Ki tambayi uwa ko ɗanta na da damuwa ta ce miki yaro me ya sani da damuwa, ci yake ya ƙoshi. Amma ki ce yana yawan cewa kansa ko cikinsa na ciwo, yana firgita cikin barci, ya daina fita wasa, sai ki ji labari ya ɓalle. Kuma ba a yarda kowa ya zauna ya sauya takardar yadda ya ga dama ba, fassara tana da ƙa'ida, wani ya juya zuwa Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar Turanci, a kwatanta, a gwada da iyaye na gaske. Wa zai yi wannan in ba irinki ba?

Shawarata, ki kama aikin shekara ɗayan nan amma da sharaɗi a ranki. Ki koyi Excel sosai ba na wasa ba, ki koyi KoboToolbox da ake tattara bayanai da shi a waya, ki farfaɗo da SPSS ɗinki, manhajar nan ta ƙididdiga. Ki nace a riƙa fita da ke makarantun kada a bar ki a ofis. Kuma ki tambaye su tun yanzu: bayan malami ya gane yaro na cikin damuwa, ina ake tura shi, wa ke bin sawu ya ga ya isa? In suka fara kame-kame kin san na ƙirga kai ne. Ki sayi fom ɗin mastas kina cikin aikin, ki tara kuɗin da kanki kada ki dogara da kawu ɗari bisa ɗari, alƙawarin dangi kin san halinsa. Kada kuma ki ɗauka aikin ƙungiya dawwamamme ne, a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta agajin ƙasashen waje, USAID, abokaina da yawa da saƙon imel ɗaya suka wayi gari ba aiki.

In kina neman wadda zaki nuna wa Baba, ki nuna masa Dakta Fatima Akilu. Saikoloji ta karanta, ta jagoranci shirin sauya tunanin masu tsattsauran ra'ayi a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, daga baya ta kafa gidauniyar Neem da ke kula da waɗanda rikicin Boko Haram ya taɓa.

Malam_Idi_Araba:

Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko bane sosai, Islamiyya nake koyarwa shekara ashirin da wani abu, amma inada abin cewa.

Baban Khalifa ka faɗi gaskiya a kan masu ƙirga kai. Sau uku ana zuwa makarantarmu. A zo da farar mota, a raba biskit da lemo, a ɗauki hoto da yara, a bamu takarda mu sa hannu, shikenan ba a sake ganinsu. Na ƙarshen har tambayoyi suka yi wa yara ɗaya bayan ɗaya, wata yarinya marainiya ta fito tana kuka don an tono mata rasuwar uwarta, suka tafi suka bar mu da rarrashi. Ba wanda ya dawo ya ce ga abin da muka gano. Shi yasa yanzu in an zo nake cewa a fara zuwa wajen iyaye da shugabannin unguwa, in basu yarda ba nima ban yarda ba.

'Yata Ummi abin da zan roƙe ki, duk wanda kika zaɓa, kada ki zo wa mutanenmu da raini. Uwar da ta kai ɗanta ruƙiyya ba jahila bace, inda ta sani ta je kuma inda za a saurare ta da harshenta. Mu malamai mu ake fara kawo wa yaran nan kafin kowa. Ni da kaina na sha cewa iyaye wannan addu'a za mu yi amma ku haɗa da asibiti, musamman mai faɗuwa yana kumfa, don na ga yaron da aka shekara uku ana cewa aljanu ne, da aka ɗora shi a kan maganin farfaɗiya ya sauke Alƙur'ani a hannuna. Addu'a da magani basa faɗa. Amma kuma akwai ɓarna a cikinmu, kowa ya ga abin da aka fito da shi daga wata makarantar mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300 har da ƙananan yara, wasu da mari a ƙafa. Iyayen da suka kai su ba ƙin 'ya'yansu suke ba, rasa wurin kaiwa suka yi. In da akwai irinku da yawa masu jin Hausa ai da an rage.

Ummi_Agege:

Kai jama'a na gode ƙwarai, ban zaci zan samu amsa haka ba. Dan Mile12 Allah ya sa albarka a albasa, hhh. Malam in sha Allah na riƙe, ni kaina da rubutun na girma ba zan raina ba.

Yaya Baban Khalifa na kira matar da ta yi min intabiyu na yi mata tambayar nan taka. Ta ce suna da takardar turawa zuwa asibiti amma gaskiya basu taɓa bin sawu su ga ko iyayen sun je ba, wai shi yasa ma suke neman ƙarin mutum. Kuma makarantu biyu cikin nasu a Agege suke, ɗaya ma bayan layinmu, rabin yaran Hausawa ne. Bansan ko wannan alama ce mai kyau ko mara kyau ba.

Anti Hajjo abin da ke bani tsoro shi ne in na ɗanɗana albashi in kasa komawa aji. Kuma dan Allah in ba damuwa zan iya zuwa in ga yadda kike aiki ko na rana ɗaya ne?

Anti_Hajjo:

Tsoronki na kan hanya, na ga mutum uku da suka ce shekara ɗaya za su yi, yanzu duk manyan jami'ai ne a ƙungiyoyi basu dawo ba, kuma ba wanda zai ce sun yi asara. Baban Khalifa ban ƙi maganarka ba, mu kanmu a asibiti rashin irinku na damunmu, yaro ya zo sau biyu ya ɓace bamu san ya warke bane ko kuɗin mota daga Alaba Rago ne ya gagara ko sun koma gida arewa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, an yi murna da ita sosai, toh amma wa ke zagayawa ya duba me ya sauya a ƙasa? Inda na bambanta da kai kawai, wanda bai taɓa zama da yaro yana kuka a gabansa ba, lambobin nan zai riƙa karanta su kamar lissafin buhunan shinkafa. Ka yi shekara huɗu a Maiduguri cikin sansanoni shi yasa kake ganin abin da ke bayan lamba, ba kowa ne haka ba.

Ummi matar da ta iya ce miki "bamu taɓa bin sawu ba" a waya, ni a wurina alama ce mai kyau, masu ƙarya cewa za su yi komai na tafiya daidai. In kin karɓa ki roƙa a baki wannan bin sawun ya zama naki, ki riƙa shiga gidajen kina jin me ya hana su zuwa, kinga kin samu abin rubuta bincikenki na mastas tun kafin ki shiga.

Maganar zuwa kuwa, ɗakin ganin yara ba zan iya shigar da ke ba sai da takarda daga makaranta da izinin iyaye, sirrin mutane ne. Amma ranar Laraba muna da zaman iyaye mata masu yara irin ƙaninki, ki turo min saƙo ta ciki in nemi izinin shugabar sashe. In Mama za ta yarda ki taho da ita, akwai mata biyu 'yan Agege a ciki, ɗaya ma Bakatsiniya ce. Ku fito da wuri dai, ƙarfe tara muke farawa kuma kin san goslon Ikeja da safe.